Ciwon Ƙin Abinci Tsakanin Matasa: Darasin Da Tsibiran Fiji Suka Koya Wa Duniya

A can kudancin Tekun Fasifik, gabas da Ostareliya, akwai wata ƙasa mai suna Fiji, tarin tsibirai ne fiye da 300. Ta sami mulkin kai daga Ingila a 1970, watau shekara goma bayan namu, mutanenta kuwa ba su cika miliyan ɗaya ba. Watakila mai karatu ya ce, to me ya haɗa mu da su? Abin da ya haɗa mu shi ne wani al'amari da ya sami 'yan matan makarantun sakandare na ƙasar tsakanin 1995 da 1998, wanda har yanzu likitocin ƙwaƙwalwa na duniya ke kafa hujja da shi. Ya kamata kowane uba, da kowane malamin makaranta, da kowane ɗalibi ya san labarin.

Inda ƙiba take abin alfahari

Tun kaka da kakanni, 'yan asalin Fiji mutane ne masu ganin ƙimar cikar jiki. Mace mai ƙiba ita ce wadda danginta ke kula da ita, ita ce ta fito daga gidan wadata. In an yi baƙo, ƙa'ida ce a cika masa akushi, kuma a matsa masa ya ci har ya ƙoshi. Idan aka ce wa mutum ya rame, to an nuna masa damuwa ke nan, ana tambayar ko lafiya. Har ma suna da wata cuta da suke kira macake, watau mutuwar sha'awar abinci, wadda suke nema wa saiwoyi da ganyaye tun kafin ta yi nisa.

Wata likitar ƙwaƙwalwa ta Jami'ar Harvard a Amurka, Dakta Anne Becker, wadda kuma masaniya ce ta al'adun al'ummomi, ta zauna da mutanen nan tun cikin shekarun 1980, har ta rubuta littafi a kan yadda suke ɗaukar jiki da abinci. A zamanta da su, ƙin abinci don neman rama ba abu ne da aka sani ba.

A 1995 sai talabijin ya isa lardin Nadroga, a babban tsibirin Viti Levu. Tasha ɗaya ce tak, kuma yawancin shirye-shiryenta daga Amurka da Ingila da Ostareliya da Niyuzilan ake sayo su, cikinsu har da wasannin kwaikwayo irin su Beverly Hills 90210 da Melrose Place, inda taurarin duk sirara ne, masu motoci da manyan gidaje. 'Yan makonni kaɗan bayan isowarsa, Dakta Becker da abokan aikinta suka shiga makarantun sakandare biyu, suka raba wa 'yan mata 63 wata takarda mai tambayoyi 26 a kan yadda suke ci da yadda suke kallon jikinsu. Yawancin yaran shekarunsu wajen 17 ne. Bayan shekara uku, a 1998, suka koma makarantun suka yi wa wasu 'yan mata 65 irin tambayoyin.

Ga abin da aka samu. A 1995 babu ko yarinya ɗaya da ta ce tana jawo amai da gangan don kada ta yi ƙiba. A 1998 kuwa, kashi 11.3 cikin 100 sun ce suna yi. Waɗanda amsoshinsu suka nuna suna cikin haɗarin kamuwa da ciwon sun tashi daga kashi 12.7 zuwa kashi 29.2. Kashi 69 sun ce sun taɓa rage cin abinci don su rame, kashi 74 kuma sun ce sukan ji cewa sun cika ƙiba. An buga sakamakon a wata mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila a 2002.

Abin da ya fi ba masu binciken mamaki shi ne dalilin da yaran suka bayar da aka zauna da su ɗaya ɗaya. Da yawansu ba miji ko saurayi suka ambata ba, aiki suka ambata. Sun lura matan da ke cikin akwatin talabijin suna da albashi, suna da 'yanci, ana jin maganarsu, kuma dukansu sirara ne. Sai suka ƙulla a ransu cewa sirantakar ce mabuɗin arziki, kuma yarinyar da ke son aikin otal ko na jirgin sama tilas ta rame.

Zama da maɗaukin kanwa

Adalci ne a faɗi iyakar wannan bincike. Yaran da aka tambaya ba su da yawa, kuma na 1998 ba su ne na 1995 ba. Har ila yau, a shekarun nan tattalin arzikin Fiji yana sauyawa, aikin albashi da harkar baƙi masu yawon shaƙatawa suna daɗa ƙarfi, saboda haka ba za a ɗora wa talabijin laifin duka ba. Ita kanta Dakta Becker ba ta ce shi kaɗai ne sanadi ba.

Don haka a 2007 suka sake wani bincike mafi girma, da 'yan mata 523. Fiye da kashi 40 cikin 100 suka ce sun yi amai ko sun sha maganin wankin ciki a cikin watan da ya gabata, da yawa kuma da magungunan gargajiya suka yi. Sa'an nan aka gano wani abu muhimmi: ko da babu talabijin a gidan su yarinya, muddin ƙawayenta suna kallo, to haɗarin yana kanta. Tasirin ƙawayen ma ya fi na kallon da ita kanta take yi. Malam Bahaushe ya riga ya faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Uban da ya kulle akwatin gidansa ya yi ƙoƙari, amma fa bai kulle bakin 'yan ajin 'yarsa ba.

Mene ne ciwon?

Ciwon ba sabo ba ne. Tun a 1689 wani likita Bature mai suna Richard Morton ya ba da labarin wata budurwa da wani saurayi da suka ƙanjame ba tare da tarin fuka ko zazzaɓi ba. A 1873 Sir William Gull, likitan Sarauniya Biktoriya, ya raɗa masa suna anoreksiya nabosa, a shekarar kuma Charles Lasègue ya yi bayaninsa a Faris. Likitoci a yau sun kasa shi manyan kashi uku.

Na farko shi ne anoreksiya, watau ƙin abinci. Mai ita takan ƙuntata wa kanta ci har nauyinta ya faɗi ƙasa ƙwarai, tana matuƙar tsoron ƙiba, kuma in ta dubi madubi sai ta ga mai ƙiba alhali kuwa ƙasusuwanta a waje suke. Na biyu shi ne bulimiya, wadda Farfesa Gerald Russell na Landan ya fara bayyanawa a 1979. Mai ita takan ci abinci mai yawan gaske a ɗan lokaci, ba ta iya tsayawa, daga nan kunya da nadama su kama ta, sai ta jawo amai, ko ta sha maganin gudawa, ko ta yini da yunwa. Sau da yawa jikinta daidai yake a ido, shi ya sa takan yi shekaru ba wanda ya sani. Gimbiya Diana ta Ingila ta faɗa da bakinta a hirar talabijin ta 1995 cewa ta yi fama da ita shekara da shekaru. Na uku shi ne cin wuce kima ba tare da amai ba, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da shi a matsayin ciwo mai zaman kansa a 2013.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga ciki yara ne da matasa. Waɗanda ba su kai ga ciwon sosai ba amma cinsu ya rikice sun fi haka nesa ba kusa ba. Wani nazari da aka buga a 2023, wanda ya tattara bincike 32 daga ƙasashe 16, ya sami alamun rikicewar ci a jikin kashi 22 cikin 100 na yara da matasa: kashi 30 na mata, kashi 17 na maza. A lura, ashe ba ciwon mata kaɗai ba ne. Samari sukan ɓullo da nasu ta hanyar neman murɗaɗɗen jiki, da ɗaga ƙarfe ba dare ba rana, da shan ƙwayoyin gina tsoka.

Yadda yunwa ke juya hankali

Iyaye da yawa sukan ɗauka taurin kai ne ko iyayi, su ce in yunwa ta ci ta za ta ci. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minesota a 1944 zuwa 1945 ya nuna kuskuren wannan zato. Masani Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu waɗanda suka ba da kansu, aka rage musu abinci kusan rabi har mako 24, suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Me ya biyo baya? Ba su da zance sai na abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girki. Suka zama masu saurin fushi, masu baƙin ciki, masu gudun jama'a. Da aka sake musu abinci, wasu suka riƙa ci har su yi amai, ba su jin sun ƙoshi.

Ma'anar wannan ita ce, yunwa da kanta tana ɓata tunani. Yarinya takan fara rage ci da nufinta, amma in tafiya ta yi nisa sai ƙwaƙwalwar da aka hana abinci ta kasa yanke shawarar komawa. A nan ne faɗa da gori ba sa amfani.

Jiki ma yana biyan nasa bashin. Bugun zuciya yakan ragu, jinin al'ada ya ɗauke, gashi ya zube, sanyi ya dami mutum ko da bazara. Ƙashi, wanda a lokacin balaga ne yake tara yawancin ƙarfinsa, yakan zama holoƙo, kuma ba lalle ya cike giɓin ba ko bayan an warke. Yawan amai yana cinye haƙora saboda tsamin ruwan ciki, yana kuma zubar da sinadarin fotasiyam, wanda ƙarancinsa kan tsayar da zuciya farat ɗaya. Mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter ta rasu ran 4 ga Fabrairu, 1983, tana da shekara 32, zuciyarta ta gaza bayan doguwar jinyar anoreksiya. Wani babban nazari na 2011 ya nuna masu anoreksiya suna mutuwa kusan ninki shida na tsararsu, kuma ɗaya cikin kowane biyar da suka mutu kansa ya kashe. Wannan ya sa ake lissafa ta cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa.

Sanadin ciwon ba ɗaya ba ne. Akwai gado, kamar yadda binciken tagwaye ya tabbatar. Akwai hali, musamman yaro mai son kome nasa ya fita ba aibi, mai yawan fargaba. Akwai tsokana a makaranta da gori a gida. Hotunan da ido ke gani kullum su ne iskar da ke hura wutar.

Daga akwatin talabijin zuwa tafin hannu

'Yan matan Nadroga tasha ɗaya suke kallo, da yamma, tare da iyayensu. Yarinyar yau tana da dubban tashoshi a cikin wayarta, a ɗakinta, da tsakar dare. Kuma ba taurari kaɗai take gwada kanta da su ba, har da 'yan ajinsu, waɗanda suka gyara hotunansu da manhaja, suka rage nan suka ƙara can, suka haskaka fata. Kallon kitse ake yi wa rogo, amma mai shekara 14 ba ta san haka ba.

A Satumba 2021 wata jaridar Amurka ta buga takardun cikin gida na kamfanin Facebook, waɗanda tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar. A ciki an ga binciken kamfanin da kansa, inda kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya suka ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram yakan ƙara musu. Kamfanin ya ce an yi wa binciken gurguwar fassara, amma maganar ta kai har majalisar dattawan Amurka.

Wasu gwamnatoci sun ɗauki mataki. A 2006, shekarar da 'yan matan tallan tufafi biyu, Luisel Ramos ta Yurugwai da Ana Carolina Reston ta Barazil, suka mutu a dalilin ƙin abinci, masu shirya bikin nunin tufafi na Madrid suka hana ramammu ƙwarai hawa dandali. Isra'ila ta yi doka a kan haka a 2012. A Faransa, tun daga 2017 tilas 'yar talla ta kawo takardar likita, kuma duk hoton talla da aka gyara surar jiki a cikinsa sai an rubuta cewa an gyara.

Gemun ɗan'uwa

To, ina muka tsaya? Abin da ya sa labarin Fiji ya shafe mu shi ne, yadda suka ɗauki ƙiba kafin 1995 ya yi kama da yadda mu ma muka ɗauke ta. A wurinmu ma in amarya ta murmure sai a yaba wa ango, in ta rame a tambayi ko lafiya. Su ma sun zaci al'adarsu garkuwa ce, sai ga shi cikin shekara uku ta huje. A kudancin Nijeriya an ga irin wannan sauyi bayan Agbani Darego ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2001, lokacin da sirantaka ta shiga yayi tsakanin 'yan matan birane.

Sai dai namu matsin baki biyu gare shi. Yayin da wata ke ƙin tuwo don ta yi kama da wadda ta gani a waya, wata kuwa gorin rama ne ya ishe ta, ana ce mata sillan kara, har ta je kemis ta sayi ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Galibi irin waɗannan ƙwayoyi deksametason ne, ko sifroheftadin, ko haɗinsu. Na farkon magani ne mai ƙarfi na kumburi da asma. Ƙibar da yake kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, kuma doguwar shansa tana jawo ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi, da karyewar garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya bari dare ɗaya ba sai da jagorar likita, domin yankewar gaggawa ma haɗari ce. A Muritaniya har yanzu ana samun ɗura wa yara mata madara da abinci don su yi ƙiba kafin aure. Mai ƙin ci, da mai shan sha-ka-fashe, da mai shafa man bilicin, duk tushen damuwarsu ɗaya ne: an koya wa yarinya cewa jikin da take ciki bai isa ba.

Wajibi ne kuma a yi hattara. A ƙasar da tamowa da ƙarancin jini suka yi yawa, ba kowace rama ce ciwon ƙwaƙwalwa ba. Tarin fuka, da ciwon sukari, da tsutsar ciki, da amosanin jini, da ma rashin abincin kansa, duk suna ramar da yaro. Likita ne zai rarrabe, don haka asibiti ne matakin farko.

Abin da iyaye da malamai za su lura da shi

Alamun sukan fito a hankali. Yarinya ta riƙa cewa ta riga ta ci alhali ba ta ci ba. Ta daina zama a kwano ɗaya da 'yan'uwanta. Ta tashi zuwa banɗaki da zarar an gama cin abinci. Ta yawaita tsayuwa gaban madubi ko hawa sikeli. Ta fake da yawan azumin nafila amma ba ta buɗa baki da abin kirki. Al'adarta ta ɗauke, jiri ya riƙa ɗibarta, ta janye daga ƙawaye. A makarantun kwana, uwar ɗaki da shugabannin ɗalibai su ne za su fara gani, in an koya musu abin da za su duba.

In an ga haka, a yi mata magana a keɓe, cikin lumana, a kan lafiyarta da damuwarta, ba a kan surarta ba. Kada a yi duka, kada a tara mata jama'a. A kai ta asibiti da wuri, domin bincike ya nuna waɗanda aka kama ciwonsu cikin shekarun farko sun fi saurin warkewa. Wadda ta rame ƙwarai ba a ɗura mata abinci da yawa rana ɗaya, domin hakan kan rikita sinadaran jini har ya taɓa zuciya. A hannun likita ake mayar da ci sannu a hankali. Duk yarinyar da ta ambaci gajiya da rayuwa kuwa, a ɗauki maganarta da gaske, a nemi taimako a ranar.

Akwai labari mai daɗi ga iyaye. Hanyar jinya da ta fi samun nasara ga matasa masu anoreksiya ita ce wadda aka tsara a asibitin Maudsley na Landan, kuma ginshiƙinta iyali ne. Ba a ɗaukar uwa da uba a matsayin masu laifi. Su ake ɗora wa aikin zama da yarinya a kowane cin abinci, cikin haƙuri da tsayin daka, har nauyinta ya dawo, sa'an nan a mayar mata da ragamar cinta kaɗan kaɗan. Al'ummar da ta saba cin abinci a kwano ɗaya ta riga ta mallaki rabin kayan aikin.

Sauran rabin yana wuyan hukuma. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Amma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne ga al'umma fiye da miliyan 200, don haka ba za su isa kowace makaranta ba. Abin da ma'aikatun ilmi da na lafiya za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba shi ne horar da malaman ba da shawara da ma'aikatan ɗakin shan magani na makarantu, da sa darasin gane hoton da aka gyara cikin koyarwar kiwon lafiya, da tsananta hana sayar da deksametason ba takardar likita.

A gida kuma, kowa ya kula da harshensa. Kalmar da goggo ko yaya ta yi cikin raha, ta ce wa yarinya buhu ko ta ce mata tsinke, ita ta manta kafin magariba, yarinyar kuwa tana iya ɗauke da ita shekara goma. Mutanen Nadroga ba su sami wanda ya gargaɗe su ba kafin 1995. Mu mun sami labarinsu, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.